Shaidar Zur a Shafin Farko

Ya 'yan uwa, ku kife wayoyin nan tukuna, don a kansu zan yi magana.

An yi wani mutum a nan Garwa. Ba zan kama sunansa ba, yana raye, wataƙila ma kun taɓa haɗa sahu da shi. Jikan fatake ne, goro ya kawo kakansa daga Kano. Shi kuwa ya yi boko, ya ƙware a kwamfuta. Sana'arsa ita ce, in kana da shago kuma ka buɗe shafi a intanet, shi zai yi ta aiki har in mutum ya buga abin da yake nema a Google, naka ya fara fitowa.

Kuma ya iya, wannan kam ba a ƙwace masa. Ya san mutanenmu ba da Faransancin makaranta suke nema ba, gauraya suke yi da Hausa da Fulatanci, sai ya zuba kalmomin yadda suke bugawa. Yakan rage nauyin hoto don shafi ya buɗe ko a Tcholliré, inda rezo, wato sabis ɗin waya, ke numfashi da ƙyar. Madam Jocelyne mai ɗinki har daga Kaélé aka riƙa nemanta saboda aikinsa. Duk wannan halal ne, dillanci ne, ka nuna wa baƙo ƙofar mai kayan kirki. Yana da wata magana da ba ya gajiya da faɗi, a kasuwa da cikin gida: "Na sama shi ne gwani. Shafi na biyu maƙabarta ce, ba mai leƙawa."

Ana nan sai wani mai magani, Hashim, ya zo masa da kwalba. Wai tana kashe ciwon suga cikin kwana arba'in, mutum ya jefar da allurar asibiti. Mutumin nan ya je gidan Hashim, ya ga ana dama abin a baho, garin kuka ne da kanwa da launi. Ya tambaya ko an gwada. Hashim ya yi dariya ya ce, "Kai dai ɗora shi sama, ɗan'uwa. Kai ne za ka sha?"

Ya gani da idonsa fa, jama'a. Ba yaudararsa aka yi ba.

Ya zauna ya rubuta "maganin suga Garwa" sau ɗari da farin rubutu a kan farin shafi, ido ba ya gani amma injin nema yana ƙirgawa. Ya buɗe ƙananan shafuka talatin, kowanne yana nuni zuwa na Hashim. Ya ƙirƙiro sunaye, kowa ya ba da tauraro biyar. Shafi ya hau, amma ciniki bai kankama ba, don mutumin arewa ba ya shan abu sai ya ji wanda ya yarda da shi ya sha.

Nan Shaiɗan ya raɗa masa sunan Malam Abdulhalim, tsohon da ya koya masa tun daga alif, wanda ko wayar shafa ba ya riƙewa. Ya ɗauko hoton Malam da shi da kansa ya ɗauka ranar wata walimar sauka, ya rubuta a ƙarƙashi: "Na sha, na warke, ku bar allura." Subhanallah! Hannun da Malam ya kama ya koya wa riƙe alƙalami, shi ya rubuta wannan.

Mahaifiyarsa, Dada, tana da suga. Tana zaune a Touboro wajen ƙanwarsa Kaltume. Tsohuwa ta gaji da tsira wa kanta allura, kuma tana jin nauyin ɗawainiyar da ɗanta ke yi wajen aiko mata da ita. Kaltume ta ɗauki waya ta nemi maganin suga. Me ya fara fitowa? Ga taurari, ga fuskar Malam. Suka sa aka aiko da kwalba a mota, suka ce kada a gaya wa mutumin nan sai ta warke, a ba shi albishir.

Tsohuwa ta ajiye allura, ta kama shan maganin kwalba. Ƙaya ce ta soki Dada a dunduniya. Ciwo ya ƙi warkewa, ƙafa ta yi baƙi. Kafin a iso da ita Garwa aikin gama ya gama, likita ya yanke daga ƙasan gwiwa.

A bakin gadon asibiti Kaltume ta ciro kwalbar daga jaka. Mutumin nan ya gane takardar jikinta tun daga nesa, shi ya tsara ta. Tana kuka ta ce, "Yaya, ba kai ka ce na sama shi ne gwani ba? Kuma ga Malam ya sha." Kunya ta hana shi faɗin gaskiya, ya bar 'yan uwa suna zagin tsohon da bai ji ba bai gani ba.

Magana ta kai kunnen Malam. Kashegari ya dogara sandarsa ya zo asibitin, aka nuna masa wayar. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago ya dubi almajirinsa na dā. "Wannan hoton mutum ɗaya ne ya ɗauke ni shi," in ji shi. "Har ka ce in gyara rawanina."

Ɗakin cike yake da masu dubiya. Mutumin nan ya so ƙasa ta tsage ya shige, ba ta tsage ba. Dada ba ta zage shi ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa. Ta ce, "Malam, a yafe masa don Allah." Sannan ta juyo ta ce, "Ɗan nan, tawa ƙafa ɗaya ce. Na iyayen mutane fa, guda nawa ne?"

Bai sani ba. Har yau bai sani ba.

Ya ruga don ya sauke shafin, ya tarar Hashim ya sauya mabuɗin shiga shafin ya ƙetare iyaka. Ya goge ƙananan shafukansa, ashe wasu 'yan damfara sun riga sun kwafe shaidar Malam sun baza. 'Yan kasuwa suka janye aikinsu, wa zai ba shi amanar sunansa? Ya rubuta shafin tuba, ya faɗi sunansa da laifinsa, ya roƙi kowa kada ya sha. Ya sa duk iyawarsa a kai. Kun san inda ya tsaya? Shafi na biyu. Yanzu in kun ga wani yana tura tsohuwa a keken guragu, kansa a sunkuye, kada ku ƙura masa ido, abin da ke wuyansa ya ishe shi.

Ya 'yan uwa, shaidar zur ba sai gaban alƙali ba. Tauraron da ka danna wa abin da ba ka gwada ba, shaida ce. Yabon da ka rubuta da sunan wani, shaida ce. Saƙon maganin da ka tura wa dangi ba ka bincika ba, za a tambaye ka. Mai wannan sana'a, ka ɗaga mai gaskiya, Allah zai sa albarka. Amma kafin ka ɗora abu a sama, tambayi kanka: in uwata ce ta nema, na yarda ta sha?

Allah ya ba Dada haƙuri, ya karɓi tuban ɗanta. Allah ya kiyaye mu da abin da hannayenmu ke rubutawa, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Amin.