Miƙaƙƙun Kunyoyin Lemuel Tharpe

Wani ɓangare na wannan labari ya riga ya kufce mini. Na manta shekarar, na manta sunan faston da muke da shi a lokacin. Tsufa haka yake, yana ɗauke abu ba sallama. Amma mutumin ban manta shi ba. Sunansa Lemuel Tharpe, manomin auduga ne a tuddan jar ƙasa na jiharmu Jojiya, kuma girman kai ne ciwonsa.

Gonar ta gado ce. Kakan kakansa ne ya same ta a ƙuri'ar rabon filaye da gwamnati ta yi bayan an kori 'yan asalin wurin daga ƙasarsu. Bayi suka sare dajin. Tun daga nan ake shuka auduga a kanta shekara bayan shekara, ba hutu. A can saman tudu kuma akwai maƙabartar gidan, inda duk zuriyar ke kwance.

A wajenmu a zamanin, da miƙewar kunya ake auna manomi. Ranar Lahadi in an kama hanyar coci, maza sukan rage tafiya su leƙa gonakin juna. Ina sabon malamin makaranta a lokacin, na sha jin su. Kunyoyin Lemuel kuwa ba su da na biyu. Daga saman tudu yake kafa garma, ya kora alfadari har gindi, kamar an ja zare.

To, ruwan sama ma miƙaƙƙiyar hanya yake so. Duk sanda aka yi ruwa, sai ya bi kunyoyin nan da gudu, ya kwashi ƙasa ya zuba a rafi.

Lemuel yana da ƙane, Virgil, wanda rabonsa ke ɗaya gefen tudun. Da malaman gona suka zo suna koya wa mutane su riƙa kewaya tudu da garma don ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa, Virgil ya karɓa. Ranar Lahadi Lemuel ya tare shi a harabar coci.

"Virgil, wa ya riƙe maka garma bana? Kai ne ka sha giya, ko alfadarin?"

Mutane suka yi dariya. Virgil ma ya murmusa.

"Yaya, na ga rafi ya yi ja bayan ruwan jiya. Gonarka ce ke tafiya teku, ko ba ka yi mata rakiya ba?"

"Ubanmu bai taɓa yin karkatacciyar kunya ba. Ba zan fara a gaban kabarinsa ba."

Matar Lemuel, Ozella, mace ce mai sanyin hali. Ita ta fara ganin ɗan kwazazzabon da ya tsage a gindin gonar, wanda a lokacin kaza ma za ta tsallake shi. Ta yi magana, ya ce ta kula da madafarta. Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kwantar da ita, kuma ba ta tashi ba. Muka binne ta a saman tudu, a gefen da ke kallon gonar, kusa da jaririnsu da ya riga ta rasuwa.

Shi kwazazzabo ba ya tsayawa inda ya fara. Baya yake ci, yana hawa tudu. Kowace damina sai ya ƙara zurfi ya ƙara matsowa. Lemuel ya zuba masa rassan itace, ya tura masa tsohon amalanke, har murhun ƙarfen Ozella ya jefa. Ramin ya haɗiye su duka. Amma da lokacin huɗa ya zo, sai ya sake miƙa kunyoyinsa daga sama zuwa ƙasa.

Virgil ya same shi a gona, ya cire hula.

"Yaya, na bar wasa. Ramin nan ya kusa shingen maƙabarta. Ga alfadarina, mu haɗa da naka mu yi wa tudun nan matakala. In ba ka so, bari mu ɗauke Ozella da yaron mu kai su harabar coci."

Lemuel ya daɗe yana kallon ramin. Na tabbata ya san gaskiya ce.

"In tone matata, duk gari su ce na kasa riƙe ƙasar ubana? Sa hularka ka koma gida, ƙanena."

A ƙarshen wannan damina aka yi ruwa na kwanaki ba ƙaƙƙautawa. Ranar da ya ɗauke, da hantsi, Nettie, 'yar Lemuel, ta hau tudu da furanni. Ta tarar da shinge yana lilo a iska. Gefen tudun ya zube, ya tafi da kabarin Ozella da na jaririn.

Duk unguwa muka shiga ramin da shebur. Lemuel da hannu yake tono, lakar ta rina shi har wuya. Dutsen kabarinta kaɗai muka samu, a karye. Da Virgil ya dafa shi, abin da Lemuel ya ce kawai shi ne, "Ai ka faɗa mini."

Bai sake huɗa ba. Ya bar gonar, ya bi Nettie zuwa birnin Atlanta, ya kama shara a wata masaƙa. Yau in ka bi ta wurin, babbar hanyar mota ce da shaguna da sababbin gidaje, an cike ramin an shafe shi. Jiha ta bunƙasa, masu wucewa ba su san abin da ke ƙarƙashinsu ba.

Darasin a fili yake. Bin hanyar iyaye abu ne mai kyau, amma in ka ga hanyar tana cinye abin da suka bar maka, to sauya ta shi ne biyayya. Wanda ya ƙi gyara don gudun dariyar mutane, yakan rasa abin da ya fi mutuncinsa tsada, kuma dariyar da ya guda ta yini ɗaya ce. Daga baya, don kada tunanina ya ruɗe ni, na je na tambayi Nettie. Ta tabbatar mini cewa a Atlanta aka binne shi, a maƙabartar gari, tsakanin mutanen da bai sani ba.