Rufin Da Yaya Ya Zaɓa

An yi wani mutum, tela ne mai hannu, wanda Allah ya jarrabe shi da ƙani. Ba mugun ƙani ba, ya 'yan uwa. Ƙani ne mai ladabi, wanda ya samu buɗi amma bai daina gaishe shi da girmamawa ba. Abin da ke cin telan shi ne, shi ya goyi ƙanin nan a bayansa, amma ga shi yau ƙanin yana gina gida, shi kuwa yana ɗaki biyu na haya. Duk wanda ya kawo ɗinki sai ya ce, "Na ga ginin ƙaninka, abin ba a cewa komai." Telan ya yi murmushi, ya taka keke da ƙarfi.

Da gini ya kai rufi, aiki ya riƙe ƙanin a nesa. Ya kira ya ce, "Yaya, ka nemo mini kafinta uku, kowa ya duba ya rubuta ƙiyasinsa. Ka kwatanta, wanda ka zaɓa shi na zaɓa. Ka fi ni ido."

Na farko dattijo ne. Ya hau katanga, ya yi awo, ya sauko, ya sake hawa. Ya rubuta komai dalla-dalla: katako busasshe kaza, kwano mai kauri kaza, ƙusa kaza. A ƙasa ya ja layi ya ƙara da cewa gefen gabas fili ne, iska na bugawa kai tsaye, dole a ɗaure katakon da rodi a jikin ginin. Kuɗinsa ya fi na kowa.

Na biyu ya yi awo shi ma, ya yi ƙiyasi matsakaici.

Na uku ko takalmi bai ɓata ba. Daga bakin ƙofa ya ɗaga kai, ya rubuta farashi a guntun takarda. Telan ya ce, "Ɗaurin rodi fa?" Ya ce, "Haba, maigida, kwanon tashi zai yi? Ƙusa ta isa."

Ya 'yan uwa, mutumin da ya shekara ashirin yana awo kafin ya sa almakashi, shi ne bai san wanda ya yi aiki da wanda ya yi surutu ba? Ya sani sarai. Ya baza takardun nan uku a kan teburin yanka, ya daɗe yana kallonsu. Sai zuciya ta ce masa: bari rufin ya ɗan yi yoyo, bari ya ɗan karkace, ko mutane sa rage yabo. Ya aika wa ƙaninsa jimlar kowa kawai, ban da bayani, ya ce na uku ya fi sauƙi kuma aikin duk ɗaya ne. Ko sisi bai ci ba. Ba ɓarawo ba ne, mahassadi ne, kuma a wurina wannan ya fi ban tsoro. Ɓarawo dai yana neman abin da zai samu.

Aka yi rufi, aka sa silin ya rufe komai, aka yi fenti. Ƙanin ya dawo, ya zagaya, ya yi ta godiya. Sannan ya ciro makulli ya sa a tafin yayansa ya ce, "Sashen gabas naka ne, Yaya. Tun ana tona tushe na yi niyya. Ba zan zauna a gidana kana biyan haya ba."

Ku tsaya nan ku duba. Allah ya buɗe masa ƙofar tuba. Kalma kaɗan ce: "Ƙanena, na cuce ka, a kira dattijon nan ya gyara." Da ya faɗa, da an gyara kafin ruwa ya sauka. Amma yaya zai faɗa? Hassadar da ta sa shi aikatawa ita ta hana shi buɗe baki, don yanzu ma haushi ya ƙaru: ga gida, ga kuma kirki a kai. Ya karɓi makulli, ya kwaso matarsa da 'ya'yansa da kekunan ɗinkinsa biyu. Ko yaushe hadari ya haɗu sai ya ajiye ɗinki ya fito tsakar gida yana kallon sama, matarsa tana tambaya ko lafiya.

Wata rana da la'asar iska ta taso. Ba ta yi minti biyar ba. Rufin gabas ya ɗaga gaba ɗaya, ya tafi da kan katanga, bulo ya zubo cikin ɗakin ɗinki. Kekunan suka lotse, kayan mutane suka jiƙe. Telan ya kai hannu ya kare kan 'yarsa, bulo ya sauka a kan hannun. Yarinyar ta tsira. Hannun dama kuwa har yau bai iya riƙe almakashi.

Washegari ƙanin ya kira dattijon kafinta ya zo ya duba ɓarna. Dattijon bai san abin da telan ya yi ba. Ya ɗaga guntun katako ya ce, "Ai na rubuta wannan, har layi na ja. Yayanka ya karanta a gabana, ya ce gaskiya ne."

Ƙanin ya je asibiti ya tsaya a bakin gado. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Yaya, ka sani?" Telan ya juya fuskarsa bango. Ƙanin ya biya kuɗin magani, ya gyara rufi, bai kore shi ba. Amma daga ranar bai ƙara neman shawararsa a kan komai ba, kuma a gida ɗaya suke.

Ya 'yan uwa, wanda ya ce ka duba masa farashi, amana ya ba ka. Ka kai masa takardun duka, da bayaninsu, ka faɗa masa abin da ka gani. In ka ji ƙirjinka na zafi don ɗan'uwanka ya samu, ka yi masa addu'a nan take, kafin zafin ya sauko hannunka. In kuma ka riga ka yi ɓarna, ka faɗa tun ana iya gyarawa.

Allah ya wanke mana zukata, ya sa mu iya farin ciki da alherin da bai zo hannunmu ba. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye 'yan uwanmu daga sharrinmu.