Hoton da Aka Ɗauka a Ɗakin Wankan Gawa

An yi wani mutum a nan Zongon Kumasi, ba zan kama sunansa ba, don yana raye, kuma abin da ya same shi ya ishe shi. Tela ne, yana da ɗan shago a Dichemso. Ba mashayi ba ne, ba mai neman mata ba, sahun farko ba ya wuce shi a masallaci.

Mahaifinsa, Baba Idirisu, shi ne mai wankan gawar maza a unguwar shekara arba'in. Ya wanke liman, ya wanke ɗan dako, ya wanke baƙon da ya sauko daga motar Bawku ya faɗi ba wanda ya san danginsa. Duk tsawon shekarun nan ko matarsa ba ta taɓa jin ya ce ga abin da ya gani a jikin wane ba. In ya fito aka tambaye shi, sai ya ce, "Ya tafi, ku yi masa addu'a," ya nemi sabulu ya wanke hannu.

Da ƙarfi ya ƙare, sai ya miƙa wa ɗan nan nasa aikin. Ya koya masa yadda ake rufe al'aura, yadda ake farawa da dama, yadda ake juya mamaci a hankali kamar yana jin zafi. Ranar da ya ba shi bokitinsa da butarsa na wankan gawa, a gaban mutanen masallaci ya ce masa, "Abin da ka gani a ɗakin nan kada ya fito tare da kai. Ni kuma in tawa ta zo, kai za ka wanke ni, ban yarda da hannun kowa ba." Mutumin nan ba shi da abin da ya fi daraja a duniya kamar wannan magana.

Amma yana da ciwo guda, ciwon da ni da ku muke da shi. Idonsa ba ya ganin abu waya ba ta gani ba. Motar haya ta tirotiro ta faɗa kwata, ya ɗauki hoto ya tura. Kwanon wake da shinkafar da zai ci ma sai mutanen guruf ɗinsu na waya sun fara gani.

Sai Allah ya yi wa Abdul-Manan rasuwa, wani dattijo mai yankan tikiti a tashar motocin Race Course. Ranar Juma'a ya cika a asibiti, takardu ba su fito ba sai Litinin. Kwana uku a ɗakin sanyi, ga ciwon da ya yi ajalinsa, fuskar ta kumbura ta yi baƙi. Duk mai wannan aikin ya san haka jiki yake yi, ba alamar komai ba ce.

Telan yana shirin shiga wankan gawar, ɗan mamacin, Irfan, ya kira shi daga Italiya yana kuka. "Kawu, mepaakyew, don Allah, shekara tara ban ga Baba ba. Ka ɗauka mini fuskarshi sau ɗaya, ni kaɗai zan gani, wallahi."

Ya san amsar da ya kamata ya bayar. Amma kukan ya kama shi. Da wani dattijo da ke taya shi zuba ruwa ya fita ƙaro bokiti, telan ya zaro waya daga aljihu, ya yaye zanen, ya ɗauka, ya tura.

Ya 'yan'uwa, da a nan abin ya tsaya, da sai mu ce tausayi ne ya kai shi. Ba a nan ya tsaya ba. Bayan an dawo daga maƙabartar Tafo, yana zaune bakin keken ɗinki, ya sake buɗe hoton. Zuciya ta ce masa, wannan abu kai kaɗai za ka gani? Ya tura wa abokinsa Moro, ya rubuta a ƙasa: "Cale, abokina, duba yadda mutumin nan ya koma. Kar ka nuna ma kowa fa."

Wa ya taɓa tura hoto da wannan magana aka riƙe masa? Moro ma yana da nasa aminin, shi ma haka ya ce masa. Kafin la'asar wani wanda bai taɓa ganin Abdul-Manan ba ya rubuta a saman hoton, "Ku ga ƙarshen mai cutar fasinja." Wani ya ƙara da sautin wa'azi a kan mummunan ƙarshe. Mutumin da ya yi shekara talatin yana barin teburinsa in an kira salla, ga shi ana yawo da fuskarsa ana neman tsari da irin mutuwarsa. Ranar addu'ar uku aka kafa rumfa aka jera kujeru, rabinsu ba wanda ya zauna.

Matar mamacin, Latifatu, tana cikin takaba, saƙonnin ta'aziyya suna ta shigowa, tana buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Ta buɗe wani daga guruf ɗin mata, ta ga mijinta. Ba ta yi ihu ba. Ta ja mayafi, mai takaba da ita, ta taka har gidan Baba Idirisu, ta durƙusa ta miƙa masa wayar.

"Baba, mijina na ba ku ku wanke. Me ya yi muku?"

Tsohon ya kawo wayar dab da idonsa. Ya ga fuskar, ya kuma ga butarsa a gefen hoton, wadda ya miƙa wa ɗansa da hannunsa. Waɗanda ke wurin sun ce ba su taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Da ɗan ya zo ya faɗi a ƙafafunsa, tsohon bai zage shi ba, da ma zagin ya yi da ya fi sauƙi. Ya ce, "Abin da ka yi mini na yafe. Na Abdul-Manan ba nawa ba ne, sai ka je ka same shi. Amma hannunka ba zai taɓa gawata ba." Ya aika aka kira liman, ya maimaita a gabansa.

Mutumin nan ya goge hoton. Ya bi guruf-guruf yana roƙo a goge, alhali hoton ya riga ya bar Kumasi, ya kai Nima, ya kai Yamai. Aka daina kiransa wanka. Masu ɗinki suka zo suka kwashe yadinsu. Duk wannan bai dame shi ba kamar magana ɗaya. Kullum da hantsi yana zuwa ya matsa wa tsohon ƙafa, yana jira ko zai janye maganar. Tsohon yana sa masa albarka, yana cin abincin da ya kawo, amma bai janye ba.

Bayan wata huɗu, wata Laraba da safe, Baba Idirisu ya cika. Ɗan ya ɗinka likkafani da hannunsa, ya kawo bakin ɗakin. Liman ya karɓa, ya ce, "Ka yi haƙuri, wasiyya ce," ya ja ƙofa ya rufe.

Ya tsaya a waje yana jin ƙarar ruwa. Daga zubar ruwan ya san inda suke: yanzu alwala, yanzu ɓangaren dama. Sai ya ji kamar suna sauri. Ya manna bakinsa jikin ƙofa ya ce, "Don Allah ku bi a hankali da gwiwarshi ta hagu, ba ta miƙewa." Sai ya zame ya zauna a ƙasa, babban mutum mai furfura, yana kuka kamar an yaye shi ranar.

Ya 'yan'uwa, wallahi duk sanda na tuna da shi zuciyata karyewa take yi, don ba mugu ba ne, irinmu ne. Ya zo a hadisi cewa wanda ya wanke mamaci ya rufa masa asiri, Allah zai gafarta masa sau arba'in. Wannan falala tana hannunsa, ya sake ta don abokinsa ya ce "kai!" Mamaci ba ya iya jan zane ya rufe fuskarsa, ba ya iya tashi ya ce ƙarya kuke yi mini. Mara lafiya a gadon asibiti ma haka, wanda mota ta buge a titi ma haka. Kai da aka turo maka ka tura gaba, kada ka ce ba ni na ɗauka ba. Wanda ke cikin hoton nan yana da mata, yana da ɗa, kuma za ku tsaya tare a gaban Allah.

Ya Allah, ka kiyaye mu daga abin da yatsunmu ke aikawa. Ka rufa asirin matattunmu, ka rufa namu ranar da aka kwantar da mu ba ma iya rufe kanmu. Ka jiƙan Abdul-Manan da Baba Idirisu, wanda ya rage kuma ka karɓi tubarsa. Amin.