Awon Ƙafafun Jatau Baduku

A zamanin da, a wata ƙasa wadda sunanta ya kwanta mini, an yi wani sarki mai yawan tambaya. Wata rana ya fita kewaya kasuwa, ya tarar da ita cike maƙil, ana ta ciniki, amma rumfuna da dama an rufe su da zana, masu su sun karye. Ya komo fada ransa a ɓace, ya ce, "Waziri, yaya kasuwa za ta cika ta batse, 'yan kasuwa kuma su riƙa tsiyacewa?"

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, yawancinsu ba su san abin da suke da shi ba. Duk kuɗin da ya shiga hannunsu sai su ɗauka nasu ne."

Sai Sarki ya sa aka yi shela cewa duk tsayuwar wata, kowane mai rumfa ya zo gaban Waziri ya amsa tambaya uku: mene ne na mutane a hannunka, mene ne naka a hannun mutane, mene ne kuma ya rage naka na kanka. Wanda ya kasa amsawa wata uku a jere, za a karɓe rumfarsa a ba wani.

To, a cikin kasuwar akwai wani baduku mai suna Jatau, wanda ya gaji rumfa daga ubansa a gindin tsamiya. In dai ɗinkin takalmi ne, babu na biyunsa a garin. Amma in aka zo wajen lissafi, sai dai a rufa masa asiri. Tukunya ɗaya gare shi a ƙarƙashin gado, duk kuɗin wurin da ya samu nan yake zubawa, a ciki ake ɗiban cefane, a ciki yake ɗiban kuɗin goro, a ciki kuma ake biyan majemin da ke ba shi kirgi. Da ya ji shelar nan dariya ya yi, ya ce wannan ai tambayar yara ce.

Wata ya tsaya, Jatau ya ɗauki tukunyarsa a ka, ya dire ta gaban Waziri yana haki, yana kuma kallon sauran 'yan kasuwa don su ga nauyinta.

Waziri ya ce, "Baduku, mene ne na mutane a cikin tukunyar nan?"

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, ai duk nawa ne. Ban taɓa sata ba."

Waziri bai yi masa gardama ba. Ya aika sanƙira kasuwa ya yi kira, duk wanda ya ba Jatau kafin alƙalami bai kuwa karɓi takalminsa ba, ya zo fada. Kafin a jima mutum goma sha huɗu sun hallara, majemi ma ya biyo su yana cewa shi kirgi huɗu yake bi. Aka juye tukunya a tabarma, aka ware wa kowa tsibinsa. Jatau na tsugune yana kallo, tulin nan na raguwa, har ya rage wuri arba'in a gabansa. Ya leƙa cikin tukunya, ya shafa gindinta ko ta huje, ya ga lafiyarta ƙalau. Shi dai ya san babu wanda ya ƙwace masa ko wuri guda, ga shi kuma ya shigo attajiri zai fita matsiyaci.

Waziri ya ce, "Kwashe ka mayar, ka je ka yi wa mutane aikinsu. Wata ɗaya ya tafi."

A hanya Jatau ya yi ta juya maganar, har ya yanke cewa kafin alƙalami shi ne mugun abu. Tun daga ranar, duk wanda ya miƙo masa kuɗi kafin aiki sai ya zabura kamar an miƙo masa garwashi, ya ce, "Riƙe abinka, kada ka jawo mini!" Mutane suka ɗauka ya taɓu. Ya ɗinke takalman nan goma sha huɗu, kirginsa ya ƙare, majemi kuwa ya ce ba zai ƙara ba shi ko ɓallin fata ba sai ya ga kuɗi. Rabin watan nan a zaune Jatau ya yi shi, yana korar ƙuda.

Wata na biyu ya tsaya, ya je fada da tukunya fayau, cefane ya cinye ta, amma da ƙwarin gwiwa. Tun kafin a tambaye shi ya ce, "Ranka ya daɗe, yau babu na kowa a hannuna, sai na majemi."

Waziri ya ce, "Madalla. To, mene ne naka a hannun mutane?"

Jatau ya ce akwai, da yawa ma. Aka ce nawa, ya ce wajen dubu biyar, ko kuwa goma. Aka ce wa da wa, ya ambaci wani mahauci, sai ya tuna ya biya shi da nama, ya ambaci wani masaƙi, aka ce ai wannan ya rasu tun da damina. Fadawa suka fara sunkuyar da kai suna murmushi. Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, wancan watan tukunya a cike aka ce na faɗi, wannan watan babu komai an ce na faɗi. To yaya ake so tukunyar ta zama?"

Waziri ya ce, "Ba tukunya ake tambaya ba, kai ake tambaya. Saura wata ɗaya, kuma na uku a gaban Sarki ake yinsa."

Jatau ya koma gida ya kasa cin tuwo. Tsoro ya kama shi sosai, don a rumfar nan ya koyi riƙe basilla, kuma bai san wata sana'a ba. Matarsa Tasalla, wadda ke sayar da daddawa a cikin gida, ta zauna kusa da shi ta ce, "Maigida, ni da ban taɓa zuwa gaban Waziri ba, na san duk mai cin bashina. Dubi bangon can, kowace mace da layinta na gawayi."

Ya ce, "Na gwada, Tasalla. In na ja layi yau, gobe ban san na wane ne ba. Duk kamarsu ɗaya."

Can ta tashi ta jawo wani tsohon kwando daga bayan ƙofa. Al'adar Jatau ce, duk wanda ya zo ɗinki sai ya taka guntun fata, ya zagaye ƙafar da gawayi, ya yanke, ya yi aiki da awon, in ya gama ya jefa a kwando. Ta zaro ɗaya ta ce, "Wannan fa?"

Ko ɗagowa sosai bai yi ba ya ce, "Ƙafar Liman ce, ba ki ga dunduniyar ba? Ya biya tun ranar."

"Wannan fa?"

"Mai gishiri. Ya ba da rabi, ya ce sauran sai ayari ya dawo."

Tasalla ta tafa hannu ta ce, "Ikon Allah! Mutum ya manta sunan mai bashinsa, amma bai manta ɗan yatsansa ba!"

Washegari ta sa ya kafa turaku uku a bangon rumfa. Na farko na ƙafafun da suka biya ba a yi musu aiki ba, na biyu na waɗanda suka sa takalmi ba su biya ba, na uku na waɗanda aka rabu lafiya. Ta kuma kawo 'yar tukunya ta ce a riƙa zuba na cefane a ciki ranar kasuwa, in ya ƙare ya ƙare, kada kowa ya taɓa babbar, har da mai cin goro. Jatau ya koma karɓar kafin alƙalami, amma yana ƙulle shi a tsumma tare da awon mai shi. Ya bi gida gida da awo a hannu, masu bashi suka yi ta biya, wasu da kunya, wasu da tsaki.

Sai dai turke na biyu ya ƙi raguwa yadda yake so. Awo talatin da ɗaya suka rage, kuma duk ta hannun mutum ɗaya suka zo, wato Ɓaidu, Sarkin Dogarai. Shi ya riƙa kawo dogarai a auna su, ya kwashi takalma ya ce fada za ta biya. Jatau ya je masa sau biyu, na biyun Ɓaidu ya dafa bulalarsa ya tambaye shi ko ya gaji da zaman garin ne. Baduku ya rasa inda zai sa kansa. In ya faɗa, ga Ɓaidu. In ya yi shiru, ga rumfa za ta tafi.

Wata na uku ya tsaya. Jatau ya shiga fada da igiya biyu a wuya, kowace an zura mata guntayen fata, fadawa suka yi ta kallonsa kamar mai tallan layu. Ya faɗi ya yi gaisuwa. Sarki da kansa ya yi tambayar farko, Jatau ya ɗaga gajeriyar igiya ya ce mutum uku ne suka ba da kafin alƙalami, ga kuɗinsu a ƙulle, majemi kuma yana binsa dubu huɗu.

Sarki ya ce, "Naka a hannun mutane fa?"

Jatau ya dubi Ɓaidu, wanda ke tsaye a bayan Sarki, ya ɗaga doguwar igiyar. Ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ga su nan, ƙafa talatin da ɗaya. Duk a gidan nan suke."

Waziri ya ce ai kuɗin takalman dogarai an fitar da su tun bara, an danƙa wa Sarkin Dogarai. Ɓaidu ya yi tsalle ya ce ƙarya baduku yake yi, shi a wani gari ya sayo takalman, bai ma san inda rumfar wannan mutum take ba.

Waziri ya ce, "Abin ai mai sauƙi ne. A shimfiɗa awon, dogarai su tuɓe su taka."

Aka jera guntayen fata a tsakar fada. Jatau ya manta da tsoro, don an zo wurin da ya iya. Ya riƙa duban ƙafar kowane dogari yana cewa, "Kai, ga naka can, na uku daga gefe." Kowa ya taka sai ta zauna daram, mai faɗi da mai tsini, har da wani mai yatsa huɗu. Talatin suka tashi, ɗaya ya rage a ƙasa, gajere mai faɗi, babban yatsan ya karkace.

Sarki ya ce, "Wannan na wane ne?"

Jatau ya sosa ƙeya ya ce, "Wallahi ranka ya daɗe, shi kaɗai ne ban san mai shi ba. Sarkin Dogarai ne ya kawo mini tsohon takalmi a naɗe cikin ƙyalle, ya ce in auna sawun da ke ciki, in yi da jar fata mafi kyau, kada kuma in yi tambaya."

Aka sa Ɓaidu ya taka, ƙafarsa ta fi ƙarfin awon. Fadawa suka gwada ɗaya bayan ɗaya, har Waziri, babu wanda ya dace. Jatau ya rikice, ya fara zargin kansa ko ƙafar aljani ya auna. Sarki kuwa tun ɗazu idonsa na kan fatar. Sai ya miƙe, ya zare jan takalmin da ke ƙafarsa, ya sauko ya taka. Ta zauna kamar a jikinsa aka yanke ta.

Ya juya ya dubi Ɓaidu ya ce, "Da Sallah ka kawo mini su, ka ce kyauta ce daga aljihunka. Har doki na ba ka tukuici." Ɓaidu ya zube yana neman gafara. Sarki ya ce a cire masa rawani, a je gidansa a kwaso dubu goma sha biyar na takalman dogarai. Na ƙafarsa kuwa, dubu biyu, ya ce daga jakarsa za a biya. Wani bafade ya matso masa da takalman, Sarki ya ture su ya ce, "Ba nawa ba ne tukuna." Haka ya zauna a karaga ƙafa ba takalmi, har aka gama ƙirga wa baduku wuri na ƙarshe.

Sa'an nan ya ce, "Saura tambaya ta uku. Mene ne ya rage naka na kanka?"

Jatau ya tsuguna gaban tulin, ya haɗa da dubu biyun da ya taro a gari wajen masu bashi. Ya ware na majemi gefe guda. Ya fara ƙirga sauran, ya ɓata, ya sake, babu mai ikon taya shi. A karo na uku ya ɗago, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, dubu goma sha biyar ne." Ya ɗan dakata, ya ƙara da ƙaramar murya, "Sai kuma rumfar ubana, in an bar mini."

Sarki ya sa takalminsa ya ce, "Da rumfar ubanka."

Iyakar abin da ya iso kunnena ke nan na Jatau baduku, wanda ya ga wata ya tsaya kuwa, ya san abin da zai tambayi kansa.