Sisiliya Ba Ta Ce Komai Ba

A wani ƙaramin gari an yi wata budurwa mai suna Sisiliya, tana sayar da magani a kemis ɗin wani mutum da ake kira Oga Ishaya. 'Yar Katolika ce ta gaske. Ba ta fashin Misa, rosari kuwa, wato carbinta na addu'a, kullum yana aljihun rigar aikinta. Abu ɗaya ya hana ta sakat: a kantar da ke bayanta akwai ƙwayoyin hana ɗaukar ciki, ita kuma ta san Ikilisiya ba ta yarda da hana haihuwa ta wannan hanya ba.

Sai ta je ta tambayi Fada, limamin cocinsu, ko tana zunubi in ta miƙa su. Fada ya ce, "Tunda zuciyarki ba ta kwanta ba, ki roƙi mai kemis ɗin ya ɗauke miki sayar da su. Amma ki sani, akwai masu shan su saboda ciwo. Abin da ya kawo mutum wurinki, tsakaninsa da Allah ne da likitansa." Sisiliya ta riƙe rabin maganar na farko gam. Na biyun kuwa, kafin ta fita harabar coci ya zube mata a hanya.

Oga Ishaya bai yi gardama ba, ya ce duk wanda ya zo nemansu ta kira shi. To, kiran ne ya zama fitina. Da zarar mace ta sunkuyo ta yi raɗa, sai Sisiliya ta ja da baya, ta harɗe hannu a ƙirji, ta ɗaga murya ta ce, "Oga, zo ka sallami wannan." A kemis ɗin akwai benci inda masu jiran awon hawan jini suke zama, ba su da aiki sai kallo. Ba a daɗe ba duk garin ya san abin da kiran yake nufi.

Idon Sisiliya kuma ya buɗe, irin buɗewar da ba ta da amfani. Ran Lahadi, maimakon ta rufe ido ta yi addu'a, sai ta riƙa bin layin masu karɓar Jibin Ubangiji da kallo, tana tuna wadda ta saya da wadda take jin za ta saya.

Ana nan, wata rana sai ga Mama Rejina ta shigo. Gwauruwa ce, mijinta ya rasu bara waccan, ita ce kuma take wanke fararen ƙyallayen bagade ta goge su. Ta matso ta ce a hankali, "'Yata, ƙwayoyin can nake so. Likita ne ya..."

"Oga, zo ka sallami wannan."

Na kan benci suka zuba mata ido. Mama Rejina ta karɓi maganinta a baƙar leda ta fita, kanta a ƙasa.

Gwauruwa da maganin hana ciki? Sisiliya ta shiga haɗa wannan da wancan. Ai shi ya sa Barnaba mai kaɗa ganga a coci yake kai ta gida a babur bayan Misa. Ai shi ya sa ta yi fari, take zama yayin da jama'a ke tsaye. Duk abin da ta tuna sai ya zauna mata daidai, har ta ji tausayin Fada da ake shimfiɗa masa ƙyallen da irin wannan hannu ya wanke.

Shugabar Zumuntar Mata ta tare ta a kasuwa ta ce, "Sisiliya, abin da muke ji gaskiya ne?"

"Ni dai ban ce komai ba, Mama. Aikina ya hana ni magana." Ta yi ajiyar zuciya, ta dubi ƙasa.

A makon nan aka karɓe wankin bagade daga hannun Mama Rejina, wai don ta huta. Ita kuwa ba ta sake taka kemis ɗin ba, ga shi babu wani kemis a garin. Da Oga Ishaya ya yi cigiyarta da damuwa, Sisiliya ta ce a ranta, ta dai sami wurin saya a ɓoye.

Wata Lahadi ana tsakiyar Misa, Mama Rejina ta miƙe za ta bi layi, sai ta yanke jiki ta faɗi, zaninta jiƙe da jini. Kunya ce in faɗa, amma abin da ya fara zuwa wa Sisiliya shi ne, ɓari ta yi. Ta bi masu kai ta asibiti, ba don tausayi kaɗai ba.

Can wata nas ta fito da faɗa. "Wa ya ce ta daina shan maganinta? Matar nan ƙari gare ta a mahaifa. Ƙwayoyin nan ne suke tsayar mata da jini kafin a yi mata aiki. Saura kaɗan ku kawo mana gawa." Barnaba ya ce shi dai ya ga ba ta iya tafiya ne ya riƙa rage mata hanya.

Da Mama Rejina ta farfaɗo, Sisiliya ta durƙusa a bakin gadon tana kuka. "Mama, ki gafarce ni. Amma Allah ya sani ban taɓa faɗa wa kowa komai ba."

Mama Rejina ta dube ta ta ce, "Na sani, 'yata. Ba ki ce komai ba, amma har kurman garinmu ya ji."

'Yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Sisiliya ba ta yi laifi da ta ji tsoron Allah a wurin aikinta ba. Koyarwar Ikilisiya tana nan yadda take, kuma duk wanda yake tsaye a bayan kanta zuciyarsa tana damunsa, ya je wurin Fada, ya yi magana da mai shago, in an tilasta masa tallar abin da bai yarda da shi ba ya nemi wani aikin. Laifinta shi ne ta tsare hannunta ta saki idonta da muryarta. Ikilisiyar da ta hana a toshe haihuwa ba ta hana mara lafiya magani ba, ba ta kuma naɗa mai kemis alƙalin zukata ba. Kai da kake sayarwa, kwali kake gani, ba ka ganin abin da ya hana mai saye barci. Ku da kuke kan benci kuma, kada ku yi murmushi, da ku nake.

Mama Rejina ta warke. Jinin da ta zubar an ƙara mata a asibiti. Amma har yau, in ta shigo coci ta zauna, akwai matan da suke ɗan matsawa gefe.