Kada a Ƙetare

A zamanin da, tun duniya na kwance, an yi wani sarki mai suna Jatau, birninsa yana bakin wani babban gulbi. A zauren fadarsa akwai wani tsohon allo a rataye, wanda kakan kakansa, sarkin da ya kafa garin, ya rubuta da hannunsa cikin ajami kafin ya fita yaƙin da bai dawo ba. Kalmomi uku ne kacal a jikinsa: "Kada a ƙetare." Tun daga ran nan ba wanda ya ƙara taka wancan gefen gulbi. Aka farfasa jiragen ruwa aka yi girki da su, aka kafa doka cewa duk wanda ya ƙetare, takobin hauni ne rabonsa.

Abin da ya ƙara wa mutane tsoro shi ne, kowace shekara in kaka ta yi, sai a ji kiɗan ganguna yana tasowa daga can ƙetare da rana tsaka. Ba wanda ya san masu kiɗan, saboda haka kowa ya tabbata aljanu ne. Da an ji shi sai kasuwa ta watse, mata su kwashe 'ya'yansu, a kulle ƙofofi.

Mai kula da allon nan wani malami ne, Malam Anaruwa. An haife shi ana tsuga ruwan sama, shi ya sa aka sa masa sunan, amma a duk faɗin garin babu mai tsoron ruwa kamarsa. Ko alwala zai yi, sai ya leƙa cikin buta tukuna. Shekara arba'in yana bin hanya ɗaya daga gidansa zuwa fada, bai taɓa canza lungu ba, bai taɓa cin miyar da uwarsa ba ta saba yi ba. Aikinsa shi ne ya share wa allon ƙura, in an yi sabon sarki ya karanta masa abin da ke jiki.

Ana nan, sai gonakin garin suka gaji. Ciyawar ƙuduji ta cinye gero, dawa ta ƙi yin kai, shekara uku a jere. Yunwa ta shigo gari ta miƙe ƙafa. Mutane kuwa suna tsaye a bakin gulbi suna hango fadama kore shar a wancan gefen, sai su haɗiye yawu su juya.

Malam Anaruwa yana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, manomi ne mai 'ya'ya biyar, ana kiransa Cindo. Ranar da ƙaramar 'yarsa ta kasa ko yin kuka don yunwa, Cindo ya rungumi wani babban gora ya faɗa gulbi. Ya kai gaɓar can, ya yanko shinkafar daji dami guda a gurguje, ya dawo. Ko gida bai kai ba dogarai suka kama shi.

Aka cika fada maƙil. Sarki Jatau ya dubi Malam Anaruwa ya ce, "Malam, sauko da allon ka karanta, don kada a ce mun yanke wa mutum hukunci da son zuciya."

Malam ya sauko da allon. Ya san kalma ukun nan su ne wuyan ƙanensa. Don ya ja lokaci kawai, sai ya kai allon bakin ƙofa inda haske yake, ya ƙura masa ido yadda bai taɓa yi ba a shekara arba'in. Nan ya lura da wani abu. Bayan harafin dal na kalmar farko akwai wata siririyar hanya da gara ta ci, a tsaye, daidai tsawon alif, har da sauran baƙin tawada a bakinta.

Ya durƙusa ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ina neman aminci kafin in yi magana."

Sarki ya ce, "An ba ka."

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, a nan wurin akwai alif, gara ta cinye shi. In babu alif, hani ne, wato kar kowa ya haye. In kuwa da alif, sai a ja murya, ya zama kada na ruwa, mai cin mutane. Wataƙila kakanka bai hana mu komai ba, gaya mana ya yi akwai kada a ƙetare, mu yi hattara."

Sai Waziri Mantau ya gyara zama. Shi wazirin ba mugu ba ne, amma tsoho ne da ya ga jiya, yana kuma tsoron abin da zai faru in aka taɓa abin da aka gada. Ya ce, "Zaki, a ba ni dama in yi wa Malam tambaya uku. Malam, gara tana ba da shaida a gaban alƙali?"

"Ba ta bayarwa, ranka ya daɗe."

"Da wanda aka kama ba ƙanenka ba ne, da ka ga alif ɗin nan?"

Malam ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi da ban gani ba."

"To, in kada ne kawai, wa ke kiɗan da muke ji duk kaka? Kada yana da ganga?"

Waziri ya juya ga sarki ya ce, "Shawarata ita ce, wanda ya ga alif ya je ya ɗauko mana shaidarsa da kansa. In ya dawo da ita kafin la'asar gobe, a saki Cindo. In la'asar ta yi bai dawo ba, allo ya yi gaskiya, hauni ya yi aikinsa." Waziri ya faɗi haka ne don ya san halin Malam, ya ɗauka nan take zai janye maganarsa.

Sarki ya ce, "Ka ji, Malam. Za ka je?"

Malam Anaruwa ya buɗe baki zai ce a yafe masa, sai idonsa ya faɗa kan Cindo a ɗaure, yana dubansa yadda yake dubansa suna yara in ya yi ɓarna. Ya ji bakinsa ya ce, "Zan je," shi kansa bai san lokacin da maganar ta fita ba.

Washegari da hantsi gari ya taru a bakin gulbi, kowa ya tsaya nesa da ruwa. Aka miƙa wa Malam goran da Cindo ya yi amfani da shi. Matar Malam tana kuka, maƙwabta suna neman gafararsa kamar mai shirin shiga kabari. Ya sa ƙafa ɗaya, sanyin ruwan ya hau masa har ƙwaƙwalwa. Ya sa ta biyu. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji, sai ƙasa ta ɓace daga ƙarƙashin ƙafafunsa.

Kai, Malam ya ga tashin hankali! Duk addu'ar da ya haddace ta gudu ta bar shi, sai sunan uwarsa kawai yake kira. Igiyar ruwa ta fizge shi ta yi gangare da shi har ya daina hango garinsu. Wani abu mai santsi ya shafi ƙafarsa, ya kurma ihu, ruwa ya cika masa baki. Ya runtse ido ya ƙanƙame goran, yana jiran haƙoran da za su raba shi biyu. Bai san tsawon lokacin da ya yi a haka ba, har ya ji gwiwarsa ta daki yashi. Ya ja jiki ya fita, ya kife a gaɓa.

Da ya farfaɗo, rana ta riga ta take tsaka. A kansa kuwa ga wata tsohuwa tsaye da kwandon kifi. Malam ya tabbata aljana ce, ya fara ja da baya da gindi yana neman tsari.

Tsohuwar ta ce, "Kai bawan Allah, in ka gama korata ka tashi ka sha fura. Ni Gwamma ce. Daga birnin masu girman kai kake?"

Malam ya ce, "Inna, ke mutum ce?"

Ta ce, "Da me ka ɗauke ni, tunkiya?"

Ta sa shi gaba har ƙauyensu, wanda ke ɓoye a bayan kurmi. Ya ga rumbuna cike da hatsi, ya ga yara masu kumatu. A bakin ƙauyen, a jikin wata tsamiya, ga ƙoƙon kan wani kada a rataye, ya yi fari fat don tsufa, tsawonsa ya kai na mutum. Dattawan ƙauyen suka ba shi labari: a zamanin kakanninsu wannan kada ya tare mashigar jirage yana ɗauke mutane, har sarkin birni ya aiko cewa zai gargaɗi jama'arsa. Bayan shekara guda kakanninsu suka kashe kadan. Suka tura jirgi don kai albishir, aka kore shi da kibau. Tun daga nan duk kaka suke fitowa bakin ruwa da ganguna, suna gayyatar mutanen birni cin sabon hatsi.

Gwamma ta ce, "Shekara da shekaru muna kiranku, ko leƙe ba ku taɓa yi ba."

Malam ya ji kunya da baƙin ciki sun rufe shi, hawaye suka zubo masa. Sai ya ɗaga kai ya ga rana ta karkata, ya zabura ya ce, "Ƙanena! Don Allah ku taimake ni da jirgi!"

A can birni kuwa ladan ya riga ya kira la'asar. An fito da Cindo ƙofar fada an durƙusar da shi, hauni ya zare takobi. Sai ga mutane a guje daga bakin gulbi suna ihu wai aljanu sun hayo da jirgi. A bayansu ga Malam Anaruwa, babu rawani babu takalmi, yana sheƙa gudun da bai taɓa yi ba tun yana yaro, ƙarti huɗu daga ƙauyen ƙetare na biye da shi ɗauke da ƙoƙon kan kadan. Tun daga nesa yake ƙwala murya, "Kada ya mutu! Kada ya mutu!"

Hauni ya tsaya da takobi a sama. Sarki Jatau ya miƙe ya ce, "Malam, roƙo kake yi ko labari ka kawo?"

Malam ya zube a gabansa yana haki, ya ce, "Duka biyun, ranka ya daɗe."

Aka ajiye ƙoƙon a gaban sarki, ƙartin suka maimaita abin da dattawansu suka faɗa. Waziri Mantau ya daɗe yana duban haƙoran nan, sannan ya tashi da kansa ya kwance wa Cindo igiya. Ya ce, "Zaki, na tambayi Malam ko kada yana da ganga. Ga amsata ta zo da ƙafarta. Shekaru muna kwana da yunwa muna toshe kunne, ashe abinci ake kiranmu mu ci."

Sarki ya soke dokar a ran nan, ya sa aka kira masassaƙa su koyi sassaƙa jirgi wurin mutanen ƙetare. Kafin damina ta faɗi, an raba wa talakawa gonaki a fadama, 'yar Cindo kuma ta murmure har tana guje-guje. Sarki ya umarci Malam Anaruwa ya ɗauki alƙalami ya mayar da alif inda gara ta cire shi, aka sake rataye allon tare da ƙoƙon a gefensa.

Da kaka ta zagayo aka ji ganguna, ba wanda ya kulle ƙofa. Jirgin farko da ya tashi, Malam Anaruwa ne zaune a tsakiyarsa, idanunsa a runtse, hannayensa biyu riƙe da gefen jirgi gam, yana ta salati yana ce wa matuƙi, "Ka dai bi a hankali, amma kar ka juya."