Jinin Farfesa Bai Kai Ba

Akwai wata ɗalibar kwaleji da ake ce wa Farfesa saboda cin littafi. Ranar nan tana tsaye a ɗakin gwajin jini na asibiti, auduga a yatsa, sai ɗaga murya take.

"Sista, ki sake gwadawa. Wallahi na'urarki ce ta lalace."

"Sau biyu na gwada," in ji Sista. "Jininki bai kai ba. Ba zan ɗiba ba."

"Ummata fa za a shiga da ita tiyata ƙarfe biyu! Likita ya ce sai an ajiye ledar jini ɗaya, irin nata kuma ya ƙare muku. Ni 'yarta ce, jininmu ɗaya!"

"Iri ɗaya ne, ban musa ba. Yawan ne babu. Ja fatar idonki ƙasa ki duba madubin can."

Ta ja. Fari fat.

"Me kika ci yau?"

Farfesa ta kau da kai.

"Jiya fa?"

"Biskit da kofi."

"Barci awa nawa kike yi?"

"Uku. Wata rana biyu. Wai me ya haɗa wannan da Ummata?"

Wata huɗu ke nan Farfesa tana wannan rayuwar. A wurinta girki ɓata lokaci ne, barci kuma na raggaye. Gashinta na zuba a mataji. In ta hau bene sai jiri ya kwashe ta. In ta kwanta ma barcin ya ƙi zuwa, zuciya na bugawa fat-fat, ƙafafu sun ƙi zama wuri ɗaya. Ita duk a ganinta alamar ƙoƙari ce.

Abokiyar ɗakinta kuwa, ita Farfesar ce ta raɗa mata suna Bargo, don ba ta wasa da lokacin kwanciya. Kullum sai ta dafa wake da ganye, wata rana ta sa kifi ko ƙwai. In ta miƙo mata faranti, Farfesa ko kallo ba ta yi. Sai dai ta ce, "Wasu karatu ya kawo su, wasu kiwo."

Bargon ce ta rako ta asibiti. Tana zaune a kan benci, rungume da jakar Umma.

Agogon bango ya nuna ɗaya da kwata.

Farfesa ta kira Yayanta, ya ce yana hanya, sai yamma zai iso. Ta kira Kawu, waya a kashe. Baba kuwa hawan jini gare shi, tun safe aka ce ba shi a lissafi.

"To ki ɗibi rabi. Don Allah, Sista. Ko faɗuwa zan yi, na yarda."

"In na ɗiba, gado biyu za mu nema. Wa zai yi jinyar wa?"

Sai Bargo ta ajiye jaka ta miƙe.

"Sista, gwada nawa."

"Ke?" in ji Farfesa.

"Ni ɗin dai. Matsa, kin tare hanya."

Aka soke ta a yatsa. Farfesa ta ƙura wa bakin Sista ido kamar mai jiran sakamakon jarrabawa.

"Ya yi daidai da na Ummarku. Kuma ga shi a cike. Hau gado."

Bargo ta kwanta ta runtse ido. "Ni fa tsoron allura nake. Farfesa, dalla riƙe min hannu, kar in yi abin kunya."

Ta riƙe. Hannun Bargo da ɗumi, nata sanyi ƙalau. Tana kallo ledar ta cika. Biyu saura minti goma aka fita da ledar da sauri.

Sista ta miƙo wata takarda. "Wannan taki ce, ki je ki ga likita. In kika ci gaba a haka, ledar gaba ke za a nema wa."

Farfesa ta karɓa ta ninke.

Bargo ta ja mayafin Farfesa, ta yi ƙasa da murya. "In Umma ta farfaɗo, ki ce mata naki ne. Ba sai ta sani ba."

Wannan maganar ce ta fi komai yi wa Farfesa zafi. Duk gorin da ta sha yi wa Bargo ya dawo mata. Ta so ta ce na gode, bakin ya ƙi buɗuwa. Ta fizge mayafinta, ta fita ta buga ƙofar da ƙarfi har madubin ya girgiza.

Darasi: Ɗalibai, abinci mai gina jiki da isasshen barci ba ragwanci ba ne. Jikin da kike hana haƙƙinsa saboda maki, wata rana wanda kike so zai buƙace shi, ki tarar babu abin bayarwa. Kuma kar ki raina mai kula da kanta. Ku tura wa ɗalibin da kuka san yau ma bai karya ba.